Zama a Bakin Hanyar da Ake Gyara

Mutumin da ya shiga mota a Zuba zai tafi Kano, abu ɗaya yake lissafi, wato awa nawa zai yi kafin ya sauka. Garuruwan da yake wucewa sunaye ne kawai a wurinsa: Sabon Wuse, Tafa, Jere, Katari, Rijana, Kakau, Gonin Gora. Amma ga mu da muke zaune a irin waɗannan garuruwa, babbar hanyar nan ita ce titin kasuwarmu. A bakinta mai shayi yake kafa teburinsa, mai faci yake ajiye injinsa, uwargida take suyar ƙosai. Makaranta tana wannan gefe, asibiti yana wancan. Akwai gidan da mutanensa sukan ƙetare hanyar sau da yawa kafin rana ta faɗi, domin ruwa, domin niƙa, domin cefane.

Saboda haka sa'ad da aka ce za a gyara ta, murna muka yi. An ce wata 36 za a yi ana aikin. Wata 36 ɗin suka cika, suka ninka, ba a kai ƙarshen sashen Abuja zuwa Kaduna ba. Mu malaman makaranta muna da tamu hanyar auna wannan lokaci. Yaron da aka haifa a watan da aka amince da kwangilar, Disamba 2017, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya shiga firamare, yana gab da cika shekara 7 sa'ad da aka soke ta a Nuwamba 2024. A wasu garuruwa irin wannan yaro ya tashi yana tsammani haka hanya take: wani wuri sabuwar kwalta, wani wuri ramuka, wani wuri kuma ganguna a jere sun tare hannu ɗaya.

Shimfiɗa kwalta ba a hannunmu yake ba. Amma shekarun jira namu ne, gama a cikinsu muke renon 'ya'ya, muke neman abinci. A wannan wata muna so mu duba yadda iyali za su bi da waɗannan shekaru. Ko da garinku ba a kan hanyar Abuja yake ba, in an taɓa tone titin kasuwarku aka tafi aka bar shi, wannan magana taku ce.

Labarin aikin a taƙaice

A watan Disamba 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ba da aikin gyaran hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano a kan naira biliyan 155. Tsawonta kilomita 375 ne, an kuwa raba ta kashi uku: Abuja zuwa Kaduna wajen kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. Da yake tagwayen hanya ce, kwaltar da za a shimfiɗa ta kai kilomita 750 ke nan. A tsakiyar 2018 ministan ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya ƙaddamar da aikin.

A shekara ta 2020 Amurka da tsibirin Jersey suka mayar wa Nijeriya dala miliyan 311 daga kuɗin da aka kwashe a zamanin Janar Sani Abacha. Aka yi yarjejeniya a kashe su a kan ayyuka uku: wannan hanya, da hanyar Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan Kogin Neja. A watan Maris 2021 aka sāke shirin aikin. Maimakon gyara, aka ce a tone hanyar a sake gina ta gaba ɗaya, kuɗin kuwa ya tashi zuwa naira biliyan 797. A watan Mayu 2023, ana sauran 'yan kwanaki ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sashen da aka gama tsakanin Kaduna da Kano.

Sashen Abuja zuwa Kaduna shi ne ya yi saura. A watan Nuwamba 2024, a zamanin minista David Umahi, aka soke kwangilar wannan sashe bayan an kasa daidaitawa a kan farashi. A 2025 aka ba wani kamfani dabam, aka kuma ce da kankare za a yi, wato siminti da tsakuwa da rodi, maimakon kwalta.

Me yake jinkirta aikin hanya?

Yana da kyau mu san wannan, gama wanda ya san dalili ya fi sanin abin da zai roƙa da lokacin da zai roƙe shi.

Hanya hawa-hawa ake gina ta. Da fari katafila takan ɓamɓare tsohuwar kwalta. Sa'an nan tifa ta zuba jan ƙasa ko marmara, gireda ta baje, a yayyafa ruwa, rola ta danne har ya yi tauri. A bisa wannan a zuba fasasshen dutse, a sake dannewa. Daga nan ne ake shimfiɗa kwalta, yawanci hawa biyu, da zafinta. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙasar da ta sha ruwa fiye da kima kuma ba ta dannuwa. A wannan yanki namu damina takan kama daga wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba. Ashe kusan rabin shekara aikin yana tafiyar hawainiya ko da kuɗi suna hannu. Hanyar kankare ma tana da nata jira, domin siminti yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi suke auna shi da shi. In kun ga sabon kankare a rufe, ba mugunta ba ce, kada kuwa a bar 'yan acaɓa su ture ganguna su hau.

Na biyu, kuɗi. Ɗan kwangila yakan yi wani ɓangare na aiki, injiniyoyin gwamnati su auna, su ba da takarda, sa'an nan a biya shi. In biya ya makara, injuna sukan tsaya. In kuwa suka tsaya da rani, an yi hasarar wannan shekara, gama damina ba ta jiran kowa.

Na uku, farashi. Yawancin baƙin man da ake haɗa kwalta da shi daga waje ake sayo shi, haka kayan gyaran injuna. Bari mu yi lissafin aji huɗu. A 2017 dala ɗaya wajen naira 305 ce a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kayan dala 100 da aka saya naira 30,500 sun koma naira 150,000. Sa'ad da farashi ya yi irin wannan tsalle, mai aiki da mai biya sukan koma teburin ciniki, mu kuwa muna bakin hanya muna shan ƙura har su gama.

Na huɗu, tsaro. Shekarun da masu satar mutane suka addabi wannan hanya, aiki a daji ya yi wuya. Matafiya masu hali sun koma jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016. Amma a ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin hari kusa da Katari, aka dakatar da shi har watan Disamba na wannan shekara, masu tafiya da yawa kuwa suka komo kan hanyar da ba a gama ba. Ban da waɗannan akwai batun diyya, da kawar da turakun lantarki da bututun ruwa. Kowane ɗaya yana iya tsai da aiki wata da watanni.

Ƙura da rani, taɓo da damina

Inda aka ɗaye kwalta aka bar jan ƙasa, kowace tirela da ta wuce takan ta da hazo nata. In hunturu ya zo ya haɗu da shi, sai ka share ɗaki da safe, da azahar ka rubuta sunanka a kan tebur. Wannan ƙura tana kawo mura da tari da ciwon ido, ta fi kuwa wahalar da jarirai da tsofaffi da masu asma.

Iyalai da yawa sun koyi dabaru, ga waɗanda muka ga sun yi amfani. A rufe tagogin da suke duban hanya, a buɗe na baya. A rataya labule mai kauri ko buhu a jiƙa shi da ruwa a ƙofar shago. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, gama tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi ta sāke mata wurin zama. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada a zubar a banza, a yayyafa shi a ƙofar gida. Randa da tukunya su kasance a rufe. Uwargida mai goyo da take sana'a a bakin titi, in da hali ta bar jaririn a cikin gida wurin kaka ko wata babba. Shanya barkono da masara da rogo a gefen hanya kuwa a daina, domin abin da ya sauka a kansu cikinmu zai shiga.

Abu biyu muke so mu ja kunne a kansu. Na fari, kada a zuba baƙin man inji a ƙasa don kwantar da ƙura. Yana kwantar da ita, gaskiya ne, amma ruwan sama yakan kai shi rijiya, shi kuwa dafi ne. Na biyu, kada a ɗora wa ƙura laifin kowane tari. Tarin da ya kai mako biyu a je asibiti a gwada, gama yana iya zama tibi, maganinta kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mutum yana iya zama wata uku yana cewa ƙurar hanya ce, alhali yana shafa wa 'ya'yansa cuta.

Da damina wahalar takan sāke kama. Lambatun da aka haƙa ba a gama ba yakan cika, ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje da shaguna. In ruwan titi ya malala cikin rijiya, a tafasa ruwan sha har ta washe. Sa'an nan ga manyan ramuka da aka ɗebi ƙasar aiki a bayan gari. In suka cika sun zama kududdufi. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma, saboda haka gidan sauro tilas ne. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne yara masu zuwa wanka. Irin wannan rami bakinsa a tsaye yake kamar bango, ba kamar rafi ba da yake zurfafa kaɗan-kaɗan. Iyaye, ku je da ƙafarku ku ga inda ramukan suke, ku kuma faɗa wa yara dalilin hani. Hani marar dalili ba ya daɗewa a kunnen yaro.

Sa'ad da ciniki ya ƙaura

In aka rufe hannu ɗaya na hanya aka mayar da motoci duka ɗaya hannun, ciniki yakan bi motoci. Mai abincin da take gefen da aka rufe takan wayi gari ba direba ko ɗaya a ƙofarta. Na ɗaya gefen ma ba lalle su ci riba ba, gama in hanya ta ƙuntata direba ba shi da wurin tsayawa. Kuɗin haya kuwa bai san an rufe hanya ba.

A nan ne zumunci yake nuna amfaninsa. Mai shago a gefen da motoci suke yana iya ba maƙwabciyarsa ta ƙetare wurin ajiye tebur, da sanin cewa in aka juya aikin shi ma zai bukaci nata. Ɗan haya ya je wurin mai gida tun kafin bashi ya taru, su yi magana a gaban shaida a kan ragi ko jinkiri. Mai gida kuma ya tuna, shagon da aka bari a kulle ba ya kawo ko kwabo. Masu adashe su duba wanda abin ya fi shafa su ba shi ɗauka da wuri.

Akwai tarko guda biyu. Ɗaya shi ne cin bashi a kan alkawarin rana. An ji a rediyo za a gama a watan kaza, sai mutum ya ranto kuɗi ya cika shago da kaya. Labarin da muka bayar a sama ya isa ya koya mana cewa ranar da aka faɗa buri ne, ba hatsi a rumbu ba. A jira a ga kwalta a ƙofa tukuna. Ɗaya tarkon shi ne ba leburori bashi ba iyaka. Sayar musu da abinci ciniki ne mai kyau, yawancinsu kuwa mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu. Amma in aiki ya tsaya ba zato, su ma ba a biya su ba, sai su watse da bashin. A rubuta kome a littafi, kada kuma ya wuce na mako guda.

Cunkoson motoci yana kawo wani ciniki, wato talla a tsakanin motoci. Mu malamai mun san ranar da gosulo ya yi tsawo, gama kujeru sukan zama wofi a aji. Muna roƙon iyaye, kada ku tura yaro wannan talla. Direban tirela yana can sama, ba ya ganin ɗan yaron da yake gab da gabansa ko kusa da tayoyinsa. Layi yana motsawa, shi ma ya motsa. Ribar ruwan leda ta yini guda ba ta sayen ƙafa.

Ƙetare hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 kowace shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hanyar da ake gyara tana da nata haɗari na musamman.

Dattawanmu suna tuna watan Afrilu 1972, sa'ad da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Sai da kowa ya sake koyon inda zai duba. Abin da yake faruwa ke nan a garinmu duk lokacin da aka juya motoci, sai dai ba shela. Yaron da ya girma a bakin tagwayen hanya ya saba ya dubi hagu, ya ƙetare zuwa tsakiya, ya dubi dama, ya ƙarasa. Ran da aka haɗa motoci a hannu ɗaya, suna zuwa ta gefe biyu, shi kuwa idonsa ya saba da ɗaya. Hannun da aka rufe ma ba filin ƙwallo ba ne, domin tifofin aiki da 'yan acaɓa da direbobi marasa haƙuri suna binsa ta kowace fuska.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane uba ya yi da 'ya'yansa. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Faɗin hannu ɗaya na hanya ya ɗan fi mita 7, yaro kuwa zai yi wajen daƙiƙa 7 kafin ya ƙetare da tafiya. A wannan lokaci motar ta ci kusan mita 200, wato tsawon filin ƙwallo biyu. Motar da yaro yake gani ƙarama can nesa, ta riga ta iso. Yaran da ba su kai shekara 10 ba ba su iya auna gudun mota sosai ba, saboda haka kada su ƙetare su kaɗai.

Abin da unguwa za ta iya yi ba ya bukatar kuɗi. A zaɓi wuri ɗaya na ƙetarewa, inda ake hangen nesa ta kowane gefe, ba a kan kwana ba, ba kuma a bayan motar da ta tsaya ba. Iyaye su yi karɓa-karɓa, mutum biyu da safe, biyu a lokacin tashi, da jan ƙyalle a sanda. A tara yara a ƙetare da su tare. Haka za a yi ran Lahadi bayan sujada, da ran Jumma'a bayan masallaci, da ranar kasuwa. Mota ba ta tambayar addinin yaro, saboda haka wannan aiki ne da za mu yi tare da maƙwabtanmu Musulmi. Mai fita da dare ya sa farin kaya ko ya riƙe tocila. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, a rubuta ta a bangon shago da na makaranta.

In kuwa tankar mai ta faɗi, a gudu, a kuma kori yara. A ranar 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko kusa da Suleja, a kan wannan hanya, wata tankar fetur ta kife ta kama wuta. Fiye da mutum 80 suka mutu, da yawansu sun matso ne domin ɗibar mai. Kada wahalar rayuwa ta sa mu manta da wannan rana.

Yadda za a yi magana da hukuma

Gunaguni a teburin mai shayi ba ya kai wa kunnen kowa. Da fari a san mai hanyar. Hanyoyin ƙasarmu kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Kai ƙarar hanyar tarayya wurin kansila kamar neman nono ne wurin sa, ko da yake yana iya raka ku. Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan nuna wanda ya ba da aikin da wanda yake yi. Ga hanyar tarayya akwai kwanturolan ayyuka na tarayya a kowace jiha, akwai kuma ɗan majalisarku, tun da majalisa ce take amincewa da kasafin kuɗi.

A kafa ƙaramin kwamiti tare da dagaci ko mai unguwa: 'yan kasuwa, direbobi, malamai, shugabannin coci da na masallaci, da mata, gama su suka fi sanin inda ruwa yake shiga da inda yara suke bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan a roƙi abin da injiniyan da yake wurin zai iya yi a makon nan. In kun ce masa a gama hanya, zai ce ba a hannunsa yake ba, da gaskiyarsa kuwa. Amma yana da iko ya sa tankar ruwa ta yayyafa cikin gari safe da yamma. Yana da iko ya sa a ɗora abin takawa a kan lambatu a ƙofar asibiti, a kafa alama da tudun rage gudu kusa da makaranta, a cike ko a shinge ramin da aka ɗebi ƙasa, a kuma sanar da gari kafin a juya motoci.

A rubuta roƙon a takarda da kwanan wata. A kai biyu, a bar ɗaya, a sa su buga hatimi a ɗayar a komo da ita. A ɗauki hotuna da waya. A keɓe littafi guda da za a riƙa rubuta ranar da aiki ya tsaya, da ranar da ruwa ya shiga gidaje, da kowane haɗari. Ran da babban baƙo ya zo duba aiki, wannan littafi ya fi dogon jawabi. Har wa yau akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya nemi bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, ta kuma ce a amsa cikin kwana 7.

Game da diyya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ana biya ne a kan abin da mutum ya ɗora a ƙasar, kamar gini da itatuwa da amfanin gona. A hanyar tarayya kuma, mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe filin hanya ne. Wanda zai sayi fili ko ya yi gini a bakin titi ya auna tukuna. Ran da masu ƙidaya suka zo, mai abu ya tsaya da kansa, ya ga an rubuta sunansa daidai, kada kuwa ya sa hannu a takardar da ba a cika ba. A lura da gwauraye mata da marayu, kada wani ɗan'uwa mai baki ya shiga da sunansa a madadinsu.

Mu ma akwai abin da za mu kiyaye. Tare hanya da ƙona taya yakan huce haushi na awa ɗaya, amma wanda yake maƙale a layin, watakila mace ce mai naƙuda. Kwasar tsakuwa da rodi da man injuna da dare sata ce, ko da an ce kayan gwamnati ne, tana kuwa ƙara mana kwanakin ƙura. Wanda ya saya ma abokin ɓarawo ne.

Ranar da aka gama

Hanya mai ramuka tana da wata kariya guda da ba mu lura da ita: tana tilasta wa direba ya rage gudu. Ran da aka gama, wannan kariya ta tafi. Motar da take rarrafe ta cikin gari za ta wuce kamar kibiya, yaran da suka saba ratsa gosulo kuwa ba su san wannan gudu ba. Sabuwar hanya kuma takan zo da katanga a tsakiya da lambatu mai zurfi a gefe, wurin juyawa ya yi nisa, gari ya rabu biyu. Masu dangi a Mararrabar Jos, ko Jaji, ko Kwanar Dangora, ko Kura, su tambaye su yadda zama ya sāke bayan an shimfiɗa musu sabuwar kwalta.

Saboda haka lokacin roƙon gadar masu tafiya a ƙasa, da wurin tsayawar motoci, da wurin juyawa kusa da kasuwa, shi ne tun injuna suna gari. In suka naɗe kayansu suka tafi, komo da su ya fi wuya nesa. Jinkirin da ya dame mu ya ba mu wannan abu ɗaya, wato lokacin yin magana.

Mun san mahaƙurci mawadaci ne. Mun kuma san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kafin wata mai zuwa, bari kowane maigida ya kama hannun 'ya'yansa ya kai su bakin hanya, su tsaya tare, su ga ta ina motoci suke zuwa a wannan mako, su ƙidaya daƙiƙa nawa mota take yi kafin ta iso. Daga can ya biya ta gidan mai unguwa, ya tambaya ko an kafa kwamiti. In ba a kafa ba, ya ce a rubuta sunansa na fari.